Shekarar da Japananci ya ci mini ido

Akwai shekara guda da ban taɓa zaunar da ku na ba ku labarinta ba. Yanzu da na ajiye aiki, zan rubuta ta yadda ta faru, a hankali, shafi biyu a zama ɗaya, don ido ba ya ba ni fiye da haka.

A lokacin na ɗan haura arba'in, ina aikin ungozoma a wani ƙaramin ɗakin haihuwa a ƙasar Partago. Ɗaki uku ne da baranda, da rijiya a baya, da bishiyar mangwaro inda mata ke shimfiɗa tabarmi ranar awo. Ni kaɗai ce mai takardar aikin, sai wata dattijuwa mai tafasa ruwa da wanke kaya. Gidanmu kuwa yana Jugu, gidan kakanninku na wajen uba, waɗanda suka shigo garin da jakunan goro tun ba a san mota ba, suka sauke kaya ba su sake ɗaurewa ba. Babanku ya gaji rumfar goro a kasuwa. In aiki ya yi sauƙi nakan bi motar haya in dawo gida da yamma, in kuwa akwai mai naƙuda sai in kwana can, Inna, mahaifiyar babanku, ta riƙe ku.

Nan aka aiko mana baƙuwa, wata ma'aikaciyar jinya daga Japan, za ta yi shekara biyu tare da mu. Sunanta Haruko. Matan ƙauye suka juya sunan a baki suka kasa, sai suka mai da ita Haruna, ita kuma tana amsawa har da ɗan rusunawa. 'Yar siririya ce, ba ta kai ni kafaɗa ba, amma in ta riƙe jariri sai ka ga hannun da ya san aiki. Faransancinta tatata yake yi, nawa kuma ya yi mata sauri, don haka watannin farko da nuni muka yi aiki. Ranar da na fara kawo mata sakwara ta nemi cokali. Kafin damina ta fita tana yanko loma da hannu, tana neman ƙarin wagashi, cukun Fulani, a miya.

Tana da wani ɗan kaye, littafin rubutu, da ba ya barin aljihunta. Duk kalmar da ta ji, ta Hausa ce ko ta Dendi ko ta Yom, sai ta ciro shi ta rubuta. Wata rana na leƙa, na ga zane kamar sawun kaji a kan laka. Na tambaye ta ko rubutu ne wannan. Ta yi dariya, ta karɓi bik ɗina ta zana sunana, Safiya, a bayan wata tsohuwar takarda. Daga nan muka ƙulla ciniki: in na ba ta kalma ɗaya ta Hausa, ta ba ni ɗaya ta Japananci. Wasa ne. Muna wanke hannu muna yi, muna jiran mai naƙuda muna yi. Cikin shekara guda na iya gaisuwa, na iya ƙirga, na san sunan jini da ruwa da ciwo da jariri.

A shekararta ta biyu ta zo mini da wata takarda. Za a ɗauki ungozomomi kaɗan a kai su Japan su yi wata tara a asibitin haihuwa, za a yi jarrabawa a Kwatano bayan damina, kuma wadda ta iya karanta rubutunsu tana gaba da saura. Ta ce ta ga aikina, ta ga kaina, in nema.

Zan faɗa muku gaskiya, domin ba don in wanke kaina nake rubutun nan ba. Na gaya wa mutane cewa saboda matan ƙauye nake son tafiya, in koyo abin da zai amfane su, kuma ba ƙarya na yi ba. Amma akwai wani abu a ƙarƙashi. Ban taɓa wuce Kwatano ba. Shekara ashirin ina koya wa wasu, ina ba da umarni, ina tsawata wa mazajen da ke kawo matansu a makare. Na yi marmarin in zauna a benci in zama ɗaliba, a tambaye ni in rasa amsa. Na so abin don kaina.

Da la'asar na sami babanku a tsakar gida, ya baje goro a kan ganye yana yayyafa masa ruwa, yana tsince masu sankara. Na zauna na gaya masa komai. Bai ɗago kai ba sai da na gama. Abu biyu kawai ya tambaya: ko zan san alƙibla a can, da abin da zan ci. Na ce Haruko ta ce shinkafa da kifi ba sa yankewa. Ya jefa wani ruɓaɓɓen goro gefe.

"To, ki gwada," in ji shi. "Wata tara ai kwanan ciki ne. Kin fi kowa sanin yana wucewa."

Haruko ta ba ni ƙamus ɗinta na Faransanci da Japananci, ɗan gajere mai kauri, takardarsa kamar ɓawon albasa, rubutunsa ƙanana kamar an watsa riɗi. A nan na gane cewa abin da muke yi a baya ko bakin ƙofa bai kai ba. Rubutunsu iri uku ne. Biyu na haddace su cikin 'yan makonni. Na ukun ba shi da iyaka: kowace kalma da zanenta, wani zanen sanda uku, wani ashirin, kuma ɗigo guda in ya ɓace ma'ana ta sauya. Na duƙufa. Ina idar da sallar asuba in buɗe littafi tun gari bai gama wayewa ba. A motar haya ina karatu, hanya tana jijjiga ni, layuka suna tsalle. Da rana in babu mai haihuwa sai in shige ɗakin ajiyar magani, mai taga kamar tafin hannu, don can ne ba a damuna. Kowane zane sai na rubuta shi sau hamsin. Na cika kaye shida kafin masara ta fitar da gemu.

Inna ba ta taɓa hana ni ba, amma ba ta yi shiru ba. Takan leƙo ta ce wannan ai hatimi ne, a tabbata ba na kiran aljanun wata ƙasa cikin gidanta. In miya ta yi gishiri ta ce Japan ce ta zuba. In ɗayanku ya fita ba takalmi ta ce uwarsa tana Japan. Ku kuwa daɗi kuke ji, kuna bin ta kuna gaishe ta da Japananci, tana korar ku da mafici.

Ciwon ya fara ne kamar an zuba mini yashi a ido. Sai hawaye ba dalili. Sai wani ciwon kai da ke zama a bayan gira tun hantsi, ba ya tashi sai na kwanta. In na ɗago kai daga littafi, fuskar wanda ke gabana sai ta yi dishi-dishi, in yi ta ƙifta ido kafin ta dawo daidai. Ni da nake ma'aikaciyar lafiya, na san abin da zan gaya wa wani in ya zo mini da wannan. Kaina kuwa na ba shi ruwan sanyi da kwallin Inna, na ce gajiya ce, bayan jarrabawa na huta. Ban gaya wa kowa ba.

Babanku ya gani. Ya ga yadda nake miƙe hannu da littafin ina nesanta shi, ina kawo shi kusa, ina runtse ido ɗaya. Ranar Juma'a ya dawo daga masallaci da sabon allo a hammata, babba, wanda ya sa masassaƙi ya yi masa. Ku ba ku san shi da wannan ba, amma a samartakarsa babu mai hannun rubutu kamarsa a makarantar unguwarsu. Ya fere alƙalamin gamba, ya dama tawada, ya ce in nuna masa zanen da nake koyo yau. Ya ƙura masa ido, sannan ya kwafe shi a kan allon, kowane ɗaya kamar tafin hannuna, baƙi wuluk, ana hango shi daga ƙofar zaure. Bai san ma'anar ko ɗaya ba.

Inna ta fito ta gani, ta tsaya cak. Ta ce allo na karatun Allah ne, ba a zuba masa kowane tarkace ba. Babanku ya ajiye alƙalami, ya amsa mata a ladabce.

"Inna, wannan bai taɓa ɗaukar aya ba, katako ne kawai. Kuma ba za a haɗa shi da sauran ba. Idonta nake tausayi."

Ta yi ƙwafa ta koma ɗaki. Amma washegari ita ce ta kawo ƙaro ta ce tawadar ta yi ruwa, a ƙara mata.

In an tambaye ni kwanakin da na fi jin daɗi a gidan nan, waɗannan ne. Kowace yamma, tsakanin la'asar da magariba, ya jingina allon da randa, ni a kan tabarma ina karantawa da ƙarfi, ku kuna maimaitawa, ƙamshin goro da na tuwo suna haɗuwa, tantabarun maƙwabta suna sauka a kan katanga. Ran Lahadi Haruko takan zo. Ranar farko da ta ga allon ta dafe ƙirji, ta daɗe tana kallo. Sai ta nuna masa cewa kowane zane akwai sandar da ake fara ja da wadda ake rufewa da ita. Ya gyaɗa kai, don a wajensa ma haka ne, harafi yana da inda yake farawa. Shi ba ya jin Faransanci, ita Hausarta ba ta wuce ta ɗakin haihuwa ba, amma sai su yi awa guda a kan allo ɗaya, ita da ɗan burushinta na gashi, shi da gambarsa, suna musanyawa, kowa yana dariyar yadda kayan ɗan'uwansa ke ƙin jin maganarsa.

Sai dai allo zane shida yake ɗauka, jarrabawa kuma tana matsowa. Ina barin gida sai in koma wa ƙamus. A gabansa ina karanta manya, a bayansa ina karanta riɗi.

Ranar kasuwar Partago ce, da rana tsaka, aka kawo wata yarinya a moto, wato babur, daga wajen Onklu, haihuwar fari, mijinta yana tuƙi, uwarta ta riƙe ta ta baya. Tun safe ina ɗakin magani da littafi. Haihuwar ta zo lafiya, namiji, ya yi kuka. Amma ta ƙaru sosai, jini yana zuba, dole a ɗinke nan take. Aikin da na yi sau ba adadi. Na ɗauki allura, na sunkuya, sai na ga allura biyu. Na ƙifta ido, suka zama ɗaya, suka sake rabuwa. Bakin raunin ya narke mini ya zama ja guda, ban san inda nama ya ƙare ba balle inda zan soka. Hawaye suka cika mini ido. Uwar yarinyar tana tsaye a kaina tana kallon hannuna, tana jin Hausa, wataƙila tana jin Faransanci ma. Haruko tana gefe tana goge jariri. Na kira sunanta, na yi mata magana da harshenta, ƙasa-ƙasa:

"Ba na gani. Karɓi."

Ba ta tambaye ni komai ba. Ta miƙa wa dattijuwar jaririn, ta sa safar hannu, ta karɓi allurar kamar dama haka muka tsara. Ni na koma wajen kan yarinyar ina shafa mata goshi ina ce mata sannu, an kusa. Jinin ya tsaya. Uwar ta yi ta sa mana albarka, ba ta san abin da ya faru ba. Wannan ita ce magana ta farko da na yi da Japananci wadda ba ta darasi ba, kuma amfaninta shi ne kada wani ya ji.

Da suka tafi na zauna a gindin mangwaro. Abin da ke yawo a kaina ɗaya ne: da ranar Haruko ta tafi Jugu karɓo magani fa?

Kwana biyu bayan haka babanku ya rufe rumfa ya raka ni Paraku wajen likitan ido. Muka sauka a unguwar Lajifarani, gidan Yaya Mamudu, wana, wanda shi ya tsaya mini na yi lakwal, karatun boko, tun ina yarinya. Ban gaya masa dalilin zuwanmu ba, na ce takardun aiki ne. Shi kuwa tuni ya cika unguwa da labarin ƙanwarsa za ta Japan, har maƙwabta suna shigowa ganina. Likitan ya haska mini fitila, ya sa na karanta haruffa a bango, ya tambaye ni awa nawa nake karatu a rana. Da na faɗa masa sai ya ajiye bik ɗinsa ya dube ni. Ya ce idon bai mutu ba, amma dama shekaru sun kawo shi inda yake neman tabarau, ni kuma na ɗora masa kayan da ya fi ƙarfinsa har ya durƙusa. Zai ba ni tabarau da magani. Sharaɗi shi ne wata uku babu ƙaramin rubutu. In na ƙi, bai san yadda zai dawo ba. Jarrabawa kuwa saura mako shida.

A motar komawa Jugu babanku ya yi ta neman mafita. Ya ce zai sa a sassaƙa allo goma. Ya ce in nemi hutu daga aiki, in tara ɗan ƙarfin idon duka in zuba a karatu, in an gama jarrabawa in huta. Kuma da zai yiwu. Na yi ta kallon gonakin doya suna wucewa, ina lissafin matan da na san watansu ya kusa. Na san su ɗaya bayan ɗaya, na san wadda ta yi ɓari sau biyu, na san wadda ƙugunta ƙarami ne. Haruko saura mata wata huɗu ta koma gida. Ido ɗaya ne, ko in kashe shi a takarda ko in ajiye shi don allura. Kafin mu shiga Jugu na ce masa na fasa. Ya tambaye ni ko na tabbata. Na ce na tabbata. Ƙarya nake, ban tabbata ba, kuma na yi kuka a ɓoye har tsawon mako.

Haruko ta fahimta tun kafin in gama bayani. Na mayar mata da ƙamus ɗinta, ta ƙi karɓa. Da lokacinta ya yi muka raka ta tasha, matan ƙauye suka cika mata jaka da gyaɗa da man kaɗe. Ta yi ta rubuto mini wasiƙu shekaru da yawa, da manyan baƙaƙe, layi biyar a shafi. Ba mu sake ganin juna ba. Wata ungozoma daga kudu ce ta tafi, na ji kuma ta yi ƙoƙari.

Saura tambayar mutane. Gari duka ya san zan tafi, yanzu kowa yana son jin abin da ya hana. Shekaru na yi ina lallashin matan ƙauye su bar haihuwa a ɗaka su zo wurinmu. In aka ji cewa idon ungozoma ya taɓu, har ta kasa riƙe allura, babu wanda zai tsaya jin cewa tabarau ya gyara. Za su koma ɗaka, wasu kuma ba za su fito ba. Ina cikin wannan tunani, wata yamma babanku ya dawo daga kasuwa ya ce mini ya gama da maganar. Ya zauna a majalisar 'yan goro, inda magana ba ta kwana, ya ce shi ne ya hana ni. Ya ce ya sake tunani, ba zai bar matarsa ta ƙetare teku ta bar masa yara ba.

Na ce masa wannan zalunci ne a kansa, zan fita in ƙaryata. Ya ce in na ƙaryata, sai in faɗi gaskiyar, to in zaɓa. Ya sa na yi masa alkawari ba zan buɗe baki ba muddin ina aiki.

Maganar ta zauna daram, don irin ta ce mutane ke saurin yarda da ita. Wasu suka yaba masa, abin da ya fi ƙona masa rai ke nan. Yaya Mamudu ya zo har Jugu ya faɗa masa maganganu a zaure, babanku yana sunkuye yana cewa a yi haƙuri. Shekara shida wana bai taka gidanmu ba, kuma har ya rasu bai sake sakin jiki da shi ba. Inna kaɗai ba a ruɗe ta ba. Ta dubi ɗanta, ta dubi sabon tabarau a fuskata, ta ce Allah ya yi masa albarka. Idona ya dawo, ko da yake bai koma kamar da ba. Na yi shekara goma sha bakwai ina ɗinki da tabarau, ban sake miƙa wa kowa allura ba.

Ku kuma kuka tashi da labarin da kuka ji a gidan kawunku in kun je hutu Paraku. Na sha ganinsa a idonku. Da na ajiye aiki na so in faɗa, ya ce a bari, abin ya wuce, tonawa sai ta sa dangina jin kunya. Bara muka binne shi, alkawarin kuma ya cika tuntuni, don haka ga shi na faɗa.

Ke babbarsu, wadda ba na kiran sunanki, wannan naki ne. Kin tuna ranar da za ki tafi jami'a, muna ɗaure kaya a ɗakina, kika ce mini ke ba za ki taɓa auren mutumin da zai tare miki hanya ba, yadda aka tare mini. Kin ɗauka babanki yana kasuwa. Yana tsakar gida, a bayan taga, ya ji komai. Da motarku ta tashi na fito na same shi zaune, na ce yau kam zan kira ki in gaya miki, alkawari ko ba alkawari. Ya girgiza kai. Idonsa ya yi ja, amma murmushi yake yi.

"Ƙyale ta, Safiya," ya ce. "Saboda ke take fushi. Kuma da wannan fushin za ta yi karatu. Ni ban ga asara ba."